Taryar Yaya Audu a Mashigin Gulbi

Shekarar da zan ba ku labarinta ita ce shekarar da ake haƙar hanyar jirgin ƙasa daga Funtuwa zuwa Gusau, ƙarfen bai riga ya iso ba. Babbar yunwa ta daɗe da wucewa, murar nan da ta kwashe mutane an fara mantawa da ita, ni kuwa na yaye ɗana na biyar ke nan. Abin da ya tuna mini, bana na ji 'yan gidanmu suna ƙorafi wai an zaunar da su a sansanin alhazai suna jiran jirgin sama har kwana uku. Kwana uku! Na ce to a ɗauko alƙalami in faɗi yadda muka taryi alhaji guda ɗaya tak. Ni ba na rubutu, amma abin da ya shiga kaina ba ya fita.

Yayana Audu shi ne ɗan farin Innarmu. Ya bar Bungudu shekarar da Nasara suka shigo ƙasar nan, lokacin da mutane suka yi ta kwarara gabas. Ina 'yar famfara a lokacin. A wancan zamani mai tafiya Makka da likkafaninsa yake fita, a yafi juna, don ba a sa ran dawowa. Inna ta raka shi tun daga Bungudu har tsohon zangon 'Yandoto, ta tsaya gindin wata tsamiya ta ce in Allah ya maido shi, a nan za ta tarye shi. Ba shi ta gaya wa ba. Ƙanenta Kawu Bawa ta gaya wa, Yaya yana tsaye yana ji. Inna ba ta magana da Yaya kai tsaye, ba ta kama sunansa. Kunyar ɗan fari ke nan, irin ta mutanen da. In za ta yi mini zancensa sai ta ce "yayanki". Ko auduga baƙo ya ambata a gabanta sai ta kau da kai, don akwai sunan a ciki. Allah ya taimake ta mu nan kaɗa muke cewa.

Shekara ashirin da wani abu babu labari. Babanmu ya rasu, idon Inna ya yi yana, ba ta ganin komai sai inuwa. Ran nan bayan kaka sai ga wani falke mai goro ya yi sallama, ya ce ya ga Audu a Kano da idonsa, ya zama Alhaji, ƙafarsa ta kumbura yana jinya, ya ce a gaya wa gida in wata ya tsaya zai taso.

Kawu Bawa ya zauna ya ƙirga zanguna da yatsunsa, daga Kano zuwa 'Yandoto. Ya ce mai lafiya ma sai ya kusa mako biyu, balle mai ciwon ƙafa. Muka yanke in wata ya yi mako guda mu tashi, mu riga shi isa. Lissafin nan babu kuskure a cikinsa, har gobe ina nan a kan bakana. Duniya ce ta sake tafiya ba ta aiko mana ba.

Bungudu zuwa Gusau

Muna idar da asuba muka fita, mu uku: Inna a kan jaki, Kawu yana ja, ni ina ɗauke da ƙwarya. Guzurinmu hoce ne da ƙuliƙuli da garin gero. Mijina ya raka mu har bayan ganuwa, yana ta cewa a bar tsohuwa a gida.

Inna ta ce, "Kai ka ga lokacin da nay yi alkawari?"

Ya ce, "A'a, Inna."

"To koma ka ga gero."

Kaɗan muka taɓa sai ga sabuwar hanyar mota, mai faɗi, an zuba mata jar ƙasa, ta miƙe ɗoɗar kamar an ja zare. Kawu ya ce mu hau ta, ta fi sauƙi ga jaki. Inna ta tambaya ko ta nan yayana ya bi. Aka ce a'a. Ta ce to ba ta nan za ta bi ba. Muka koma tsohuwar turbar fatake da ke bin bakin gulbi, ƙaya tana jan zane.

Mun shiga Gusau da azahar. Wani dogari a ƙofa ya leƙa ƙwaryata, ya ce ina zuwa. Na ce taryar alhaji. Ya ce Allah ya sa mu a danshinsa, ya ɗauki ƙuliƙuli ɗaya. Garin na same shi ya sake. Ga kantuna da rufin kwano, ga buhunan gyaɗa jibge sun fi ɗaki tsawo, ga baƙin yaruka da ban taɓa ji ba. Muka sauka gidan Malam Isa, ɗan ƙanen babanmu, mai awon gyaɗa. Matarsa ta yi mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu.

Da ya ji lissafinmu sai ya girgiza kai. "Kawu, alhazan yanzu ba su zuwa da ƙasa. Jirgi suke shiga daga Kano zuwa Zariya, su hau mota. Bara ma uku sun sauka nan."

Kawu ya yi dariya har da tari. "Mutumin da yat taka sayyadarsa har Makka, shi za ya ji tsoron Kano zuwa Tsahe? Kai dai auna gyaɗarka."

Ni ma na goyi bayan Kawu. Wa ya taɓa jin alhaji a kan buhu?

Gusau zuwa Kwatarkwashi

Kashegari muka yi sammako. Da hantsi muka isa wani mashigin gulbi kafin Kwatarkwashi, kuma a nan ne kaɗai tsohuwar turba da sabuwar hanya suke haɗuwa, don wurin ne ruwa ya fi faɗi da rashin zurfi. Ana aikin gada. An kafa ginshiƙai na dutse, ba a ɗora komai a kai ba tukuna. Maza ne birjik, waɗanda hakimai suka turo daga ƙauyuka, kowa da kwandon ƙasa a ka, suna waƙa ana amsawa. Can gefe kuma ana ta aikin diga, wato shimfiɗar hanyar jirgi. Wata mata mai suna Kande ta kafa rumfa tana sayar musu da fura da ɗanwake. Muka sha ta anini, mai kyau ce, ba ta cika ruwa ba.

Muna zaune wata mota ta zo ta kafe a yashi. Kowa ya sauko, aka shimfiɗa asabari ƙarƙashin ƙafafunta, aka yi ta turi ana salati. Kande ta ce haka ake yi kullum, ta gabas da ta yamma, babu wadda ke ƙetarewa da mutane a kanta. Inna ta ce a gaya mata mene ne ke wari haka. Na ce mota ce. Ta tofar da yawu ta ce ita da wannan abu sai dai a ɗauki gawarta.

Mun kwana gindin dutsen Kwatarkwashi, a zauren wani maƙeri. Inna ta ce ƙugunta na ciwo, na gasa mata da ruwan zafi.

'Yandoto

La'asar sakaliya muka isa. Kawu ya yi ta waige-waige. Zangon da ya sani da bukkoki da turakun jakuna da masu sayar da ciyawa, babu kowa. Rijiya ta rufta, sabara ta cinye fili. Tsamiyar ce kawai take nan. Inna ta shafa jikinta da hannu ta ce ita ce. Muka share gindinta muka zauna. Mutanen gari suka ba mu ɗakin kwana, amma gari na wayewa sai ta ce a maida ta gindin tsamiya.

Haka muka yi ta yi. Mai wucewa a yini bai fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, makiyaya ne da masu itace. Duk wanda ta ji takunsa sai ta ce, "Bawan Allah, ba ka baro wani mai tahiya a baya ba?" Su ce wane ne, yaya sunansa? Ta kau da kai, sai ni in faɗa. Can nesa kuwa, ta bayan gonaki, kullum muna jin kukan mota tana wucewa.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ta. Ta daina cin hoce, ko kunu sai na yi da gaske take kurɓa. Na dube ta na ga tsohuwar nan ba ta da sauran kwanakin da za a ɓatar a gindin itace. Na ce wa Kawu mu ƙarasa Tsafe mu ji labari a bakin hanya. Inna ta ƙi. Na ce mata in yayana ya zo ta Tsafe zai fara bi, kusa da nan ne, taryar ba ta ɓaci ba. Da ƙyar ta yarda. Kawu ya ɗaure ta da rawaninsa a kan jaki don kada ta zamo.

Tsafe

Ashe duk mutanen zango nan suka dawo. Bakin hanyar mota cike yake da rumfuna, masu tsire, masu rake, masu gyaran taya. Muka sauka wajen wata mai tuwo, Tasalla, wadda ta ce uwarta ce ke da tuwon zangon 'Yandoto a da. Na ce mata muna jiran alhaji daga Kano.

Ta ce, "Wanne daga ciki? Yanzu alhazai kamar fari. Masu tahiya sun fi masu dawowa, da takardarsu ta gwamnati a rataye a wuya."

Na ce dogo ne, yana ɗingishi, mutumin Bungudu.

Ta ajiye mara. "Mai Hausa kamar ta Larabawa? Ai shekaranjiya waccan ya ci tuwona a nan! Har ya ce wa direba ya sauke shi zangon 'Yandoto, direba ya ce hanya ba ta bi ta can, kuma babu kowa sai birai. Ya tambaye ni ko na san in tsohuwarsa na da rai. Na ce ni ina zan sani? Ya koma mota."

Kawu ya zauna daɓas a ƙasa. Wato ɗaya daga cikin motocin da muke jin kukansu, shi ne a ciki.

Inna tana kwance a tabarma, na zaci barci take. Sai ta ce, "Ya rame?"

Tasalla ta ce, "Ya rame, Inna, amma ya cinye malmala biyu."

"To madalla."

Na zauna na yi tunani. Yaya ya isa Bungudu, an gaya masa mun tafi 'Yandoto, kuma na san jinin gidanmu, ba zai zauna ba, zai juyo. In muka bi turba da jaki, Inna ba za ta kai ba, kuma shi yana kan hanyar mota. In muka shiga mota har Gusau, motoci biyu suna gilma wa juna ba ko sallama, mu sake saɓani. Wuri ɗaya ne dole kowa ya sauko ya taka ƙasa. Na ce a kai mu mashigi.

Kawu ya ce, "Da mi? Jakin ga ba ya kai ta."

Na durƙusa kusa da kunnenta. Na ce, "Inna, sai dai mota."

Ta juyo da fuska wajena. Sannan ta ce, "Yayanki ya shige ta?"

"Ya shiga."

"Da Makkarsa da komi?"

"Da komi."

"To ɗauke ni."

Tsafe zuwa mashigi

Da safe aka sami wata mai ɗauke da kaɗa za ta Gusau. Direban Bayarabe ne, ƙato, mai fara'a. Ya dubi Inna ya ce, "Mama ba ya mutu a mota na?" Na ce ba ta mutuwa sai ta ga abin da ta fito nema. Ya sa aka yi mata gurbi tsakanin buhuna, ya rage mana kuɗin. Kawu ya ce zai biyo mu da jaki.

Aka murɗa wani ƙarfe a hancin motar, ta yi tari, ta ɗauka. Jama'a, ban taɓa ganin itatuwa suna gudu ba sai ran nan. Inna ta ƙanƙame hannuna, ta ja salati tun daga Tsafe ba ta tsaya ba. Tafiyar da ta ci mana yini da rabi, kafin rana ta take tsaka ga mu a bakin gulbi. Da aka sauko don turi na ce wa direba mu mun iso. Ya ce nan ba gari ba ne. Na ce na sani.

Kande ta ba mu gefen rumfarta. Duk motar da ta taso daga Gusau, ina jin kukanta zan tashi in tsaya bakin yashi ina duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Akwai Alhaji Audu na Bungudu?" Har ma'aikatan gada suka riƙe, ina fitowa su haɗa baki su riga ni faɗa. Ranar farko babu. Ta biyu tun safe babu. Inna kuwa ko ruwa ta daina karɓa, leɓɓanta sun bushe.

Wajen azahar ta ɓata zanenta. Na ga hanya shiru, na ɗauka na gangara can ƙasa bayan ginshiƙai inda ruwa ke gudu, don kada maza su gani. Ƙarar fasa dutse ta hana ni jin isowar motar. Da na ɗago kai, har an turo ta ta haye yashi, tana wannan gaci, mutane suna hawa. Kande tana can tana dama wa ma'aikata fura, ba ta lura ba. Na yar da zanen na kama gudu, yashi yana riƙe mini ƙafa. Na san ba zan kai ba. Na buɗe baki in yi kira, numfashi ya ƙi.

Sai na ga Inna a tsaye. Matar da sai an ɗaga ta a zaunar, ga ta riƙe da dirkar rumfa. Daga baya ta gaya mini murya irin ta babanmu sak ta ji a cikin masu turi, ana cewa "ku ɗaga da bismilla". Ga sunan a bakinta, ga mota ta fara motsi. Na ga bakinta ya buɗe ya rufe. Sai ta ɗaga murya, irin wadda ban taɓa ji daga gare ta ba:

"Yayan Habi! Kai, yayan Habi!"

Habi ni ce. Wani dogo mai furfura da ya riga ya ɗora ƙafa ɗaya ya tsaya cak. Ya bubbuga jikin motar, ya sauko, ya taho yana ɗingishi. Ma'aikata suka ajiye kwanduna. Ya zo gabanta ya zube a ƙasa, ya kifa goshinsa a kan ƙafafunta.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai gefe. Na iso ina haki. Ta ce, "Habi, ki ce mai ya tashi, rana na dukan shi."

Na ce, "Yaya, wai ka tashi."

Ya ɗago ya dube ni. "Ke ce Habi? Mai wawulo?"

Na ce, "Haƙora sun fito, Yaya, har da 'ya'ya biyar."

Ya shigo inuwa. Ta ce in tambaye shi ƙafar. Ya ce da sauƙi. Ta ce in tambaye shi ko ya ci abinci. Duk wannan hannunta yana kan kansa, tana shafa furfurar, fuska kuwa tana kallon gabas kamar hannun ba nata ba ne. Ya kwance wata 'yar gora daga ƙugunsa, ruwan Zamzam, ya miƙo mini na ba ta. Ta shanye. Can ta ce ko Kande tana da sauran fura.

Mai motar ya gaji da jira, ya jefo masa ƙunshinsa ya wuce.

Komawa gida

Kawu ya iso da jaki da yamma. Da aka ba shi labari ya ce wa Inna, "Yaya, da motar ta tahi fa? Da ba ki kama sunan ba?"

Ta ce, "Na kira shi da wanda yaj ji."

Mun ƙara kwana biyu a mashigi har ta sami ƙarfi. Yaya ya ba mu labarin hanya. Zuwa, shekaru ya yi yana noma a gonakin mutane, ya tara guzuri ya ƙara gaba, abokan tafiyarsa da yawa a hanya aka binne su. Dawowa kuwa jirgin ruwa, jirgin ƙasa a ƙasar Sudan, raƙumi, mota, cikin 'yan watanni ga shi a Kano. Ya ce ana ta gyaran hanyoyin gabas ana haƙa rijiyoyi saboda yawan masu tafiya, nan gaba mutum zai je ya dawo bai rasa damina biyu ba. Kawu ya ce to wannan ladan rabi ne. Yaya ya ce ba a ƙafa ake auna shi ba.

Muka shiga mota zuwa Gusau, Inna ba ta ko yi gardama ba. Malam Isa ya tare mu a ƙofar gida, ya dubi Kawu yana murmushi. Kawu ya ce, "Faɗi mana, kada ta kashe ka." Washegari muka hau jakuna zuwa Bungudu. Tun daga bakin gulbi mutane suka taryo mu, kowa yana son ya taɓa hannun Alhaji ya roƙi addu'a. Muka shiga gida da la'asar, muka gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu.

Inna ta ƙara damina biyu a duniya, Yaya ne ya yi mata salla. Gadar kuwa kafin shekara ta zagayo an gama ta, motoci suka riƙa wucewa fuu ba mai saukowa, Kande ta kwashe rumfarta ta koma tashar jirgi a Gusau. Da magina sun yi sauri da wata shida, da uwa da ɗa sun sake saɓani, kuma ban ga alamar za a sami na uku ba. Shi ya sa ni ba na zagin aikin da ya yi jinkiri.

Kawu Bawa ya rasu, Malam Isa ya rasu, Tasalla ma na ji labarin rasuwarta. Yaya Audu ya riga mu gidan gaskiya shekarar da aka fara kwasar alhazai ta sama. Cikin waɗanda suka tsaya a bakin mashigin nan ran nan, saura ni da Kande. Tana nan Gusau wajen jikokinta, kunne ya tafi, amma in kuka je kuka ɗaga murya za ta ba ku labarin, sai dai za ta ce ita ta fara ganinsa. Ba ita ba ce, fura take damawa.